Jeren Ɗaki: Tsohon Kwano, Tabarmar Kaba da Aljihun Ma'aikaci



Abin da ya jawo maganar yau, wani aminina ne, mushen lakkol a gundumar Mayahi, ya tarar da ni a Tasawa ran kasuwa, fuska ba walwala. Ɗiyarshi ta fari ce za a ɗaura ma aure bayan kaka, uwar ɗiya kuwa ta miƙa mashi takardar kayan ɗaki: gadon katako mai madubi, da katifa, da armuwar, da bife na jere, da kujeru, da leda, da labule, da kuloli, da tangaran. Ya zauna ya haɗa lissafi, ya ga ko da zai ajiye albashinshi na watanni ba tare da ya taɓa ko dala ba, kuɗin ba za su kai ba. Shawarar da ya yanke ita ce ya ci bashin banki, a riƙa cirewa daga albashi. Na ce mashi: "Mushe, takardar banki ba gudu za ta yi ba. Kafin ka sa mata hannu, taso mu zaga kasuwa."

Tasawa dai ba yau ta fara kasuwa ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a cikinta a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishirin Azbinawa, kan hanyarshi ta zuwa Katsina da Kano. Garin da ya daɗe yana saye da sayarwa haka, ba a rasa tsofaffin kaya a ɗakunanshi, kuma abin da ya daɗe a ɗaki wata rana sai ya fito kasuwa.

A gefen masu ƙore da ludaya muka iske wata dattijuwa ta shimfiɗa buhu, ta jera fanteka biyu da marufansu, da langa guda huɗu, da akushi baƙi wul wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Na durƙusa muka gaisa, na ce: "Inna, waɗannan na sayarwa ne?" Ta ce: "Na sayarwa ne, ɗana. Da su aka kai ni ɗaki. Jikokina sun ce ba a yayinsu, ni kuwa hatsi nake so." Ban yi mata dogon ciniki ba, don akwai cinikin da in mutum ya ci riba a cikinshi ba zai yi barci ba.

Ya kamata maza, musamman mu ma'aikata da muke ganin jere kamar ɓarnar kuɗi, mu san abin da yake. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, ba ta miji ba. Ko aure ya mutu da abinta take fita. A da can ƙore ne ake jerawa, masu zane, a rataya su a ragaya, a rufe da faya-fayai. Daga baya tasoshi suka shigo, sa'an nan kwanonin samira masu fure, na Cakosulobakiya da na Hongkong da na ƙasar Sin, har aka kafa masana'antunsu a Najeriya, fatake suna hauro da su ta Jibiya da Ɗan Isa. Mace ta jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, duk wadda ta shigo barka ta san irin gidan da amarya ta fito. To amma jeren nan asusu ne kuma. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda mutanenmu suka sa ma suna El Buhari, da ƙuncin 2005 da ya matsa ma jahar Maraɗi, gidaje da yawa kwanon uwargida ne ya koma tiyar hatsi. Kular roba da ake rububi a yau, in ta yi shekara uku murfinta ya tsage, wa zai ba da ko tamma a kanta? Bife na garin katako da aka manne da gam, damina guda in ɗaki ya yi yoyo ya kumbura, ya zama na murhu.

Tsadar kayan waje kuma ba sabon labari ba ne. Waɗanda suka riski watan Janairu na 1994 ba su manta ba: an kwana tamma 50 na kuɗinmu suna sayen faran guda na Faransa, aka wayi gari sai tamma 100. Duk abin da ke zuwa daga ƙetare ya tashi, albashi kuwa bai bi shi ba. A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa ƙarshen 2020. A 2023 aka rufe ta Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowane ɗan kasuwa ya san wanda ke biyan kuɗin wannan zagaye: mai saye ne na ƙarshe, wato uban amarya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, ko bayan ƙarin da aka yi a 2024, jika 42 ne a wata. Sai mai karatu ya auna da kuɗin katifa guda.

Sayen tsohon kaya kuwa yana da ƙa'ida, ba a yin shi da ka. Kwanon samira a ɗaga shi a ji nauyi, don na da ya fi na yanzu kauri. A ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa: mai lafiya yana amo, mai tsaga muryarshi a dushe take. A juya gindi a duba tambarin ƙasar da ta yi shi, sa'an nan a ɗaga shi sama a fuskanci rana, in akwai huda ko ta kai ƙanƙantar bakin allura za ta nuna kanta. Wanda fentinshi ya ɓantare daga ciki har tsatsa ta kama, ya yi jere, amma kada a zuba mashi miya ko kunun tsamiya. Akushi da kujerar mata ta itace, a duba ƙananan ramuka: in gari yana zuba daga ciki, ƙwaro na nan yana aiki, a bar ma mai shi abinshi. Wanda ya bushe kawai, man gyaɗa ko man kaɗe ya ishe shi ya dawo da kyaunshi. Ƙwaryar da mai gyartai ya ɗinke ba aibi ba ce. A ganina ɗinkin ma ado ne, kuma shaida ce cewa an so ta. Gadon ƙarfe mai rumfa, irin wanda iyayenmu suka yi alfahari da shi, a girgiza shi a ji mahaɗai, a kai ma mai walda in da gyara, a kwarara mashi tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo, ya wuni a rana, sa'an nan a yi mashi fenti. Zai binne gadon garin katako uku.

Sai dai mu sani ba mu kaɗai ke neman waɗannan kaya ba. Akwai dillalai, ƴan uwanmu ne Hausawa, da ke bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin akusa da turame da ƙore, su kai Yamai ko Lome ko Abijan, daga nan kayan su wuce Faransa da Amurka, inda ake ɗora su bisa tebur a matsayin kayan tarihi. Ba na zargin mai neman halalinshi. Amma ƙasar nan tana da dokar kare kayan gado ta 1997, kuma abin kunya ne a ce yaron Tasawa sai ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai kafin ya ga abin da kakarshi ta ci tuwo a ciki. Wani abin dariya kuma, da ciniki ya buɗe sai aka fara tsofantar da sabo: a sassaƙa akushi yau, a turara shi da hayaƙi, a goga mashi mai da ƙasa, gobe ya zama na zamanin kakanni. Mai sayen akushi don ya ci tuwo, wannan bai dame shi ba. Ya dai biya kuɗin sabo.

Daga nan muka gangara wajen masu tabarmi, kuma a nan ne abokina ya zama malami ni na zama ɗalibi, don shi mutumin Gulbin Kaba ne. Kwarin nan da Mayahi take a bakinshi, daga kaba ya samo sunanshi, kaba kuwa ita ce ƙuruciyar goruba. Da ganyenta ake saƙa tabarma, da faifai, da lefe, da mafici, da malfa, a tuƙa igiya, a yi ragaya. Mata ke yankowa, su shanya, su tsaga, su rina wani da garura, su yi ta saƙa da rani bayan an gama aikin gona, har a haɗa ɗiya-ɗiyan saƙar a ɗinke su zama tabarma. Daga kuɗinta ake sayen gishiri da sabulu, a zuba adashi, wasu kuma su zuba a asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Mai son ta gari ya duba saƙar ta matse, ya ɗaga ta rana ba ta ratsa ba, bakin a ɗaure yake da kyau, ya kuma shinshina kada ta sha damshi. A ɗakin ƙasa mai daɓe, da zafin watan Afrilu, babu ledar da ta kai ta sanyi.

Na yi murna da arhar tabarma, sai mushe ya kwaɓe ni. Ya ce arhar nan akwai masu biyanta. Ta farko ita ce mai saƙa, wadda in aka raba kuɗin tabarmar da kwanakin da ta yi a kanta, ba za a so a faɗi abin da ya rage mata ba, ga tabarmar roba ta zo ta ƙara karya mata kasuwa. Ta biyu ita ce kabar kanta. In ana yanke mata ganye kowace shekara, har da sabon toho na tsakiya, ba za ta taɓa miƙewa ta yi gangar jiki ba. Haka za ta zauna a ƙasa, cunkus, shekara da shekaru. Manyan goruban da ake gani a kwarin tsofaffi ne, ana sare wasu don rufin ɗaki, wasu suna faɗuwa don kansu, na bayansu kuwa ba a bar su sun taso ba. In babu babbar goruba babu ɗiya, in babu ɗiya babu sabuwar kaba. Maganin da manoma suka sani shi ne irin na sassaben zamani, wanda ya bazu a jahar nan tun wajen 1983: mai gona ya zaɓi toho biyu ko uku a kowane gindi, ya sa masu alama, ya hana a taɓa su har su fi ƙarfin wuƙa da bakin raƙumi, sauran kuwa a yanka. Faɗi ya fi yi sauƙi, don gona ta mutum ɗaya ce, mai yankan kaba daban, makiyayi daban, kuma kowa da gaskiyarshi. Wannan aikin masu gari ne da hakimai da ma'aikatan gandun daji su zauna a kai. Abin da ke hannun alhazanmu masu lodin tabarmi da igiya zuwa Maraɗi da Damagaram da Najeriya shi ne su bambanta kuɗin kyakkyawar saƙa da na ta garaje. Muddin kuɗinsu ɗaya, mai saƙa yawa za ta bi, yawa kuwa kaba yake ci.

Wajen ƴan bosho ba mu daɗe ba. A dilar da ake kwancewa akan samu labule mai kauri da zanen gado na auduga tsantsa, waɗanda sabonsu sai manyan kantunan Yamai. A wanke da ruwan zafi, a shanya, tela ya rage tsawo, shi ke nan.

Na san abin da mata za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce arha ba ta ado. Za su ce ran jere dangin ango da maƙwabta za su shigo su ƙirga, kuma ba mushe za a yi wa gori ba, uwar ɗiya za a yi wa, ita ce kuma za ta rayu da maganar har a wajen suna. Wannan gaskiya ce, namijin da ya raina ta bai san gidanshi ba. Ban ce a kai ɗiyar mutane ɗaki da tsummoki ba. Abin da na ce shi ne a raba kuɗi gida biyu: abin da jiki ke mora kullum, kamar katifa da tukwane, a saye sabo mai kyau; abin da ido ke kallo, a nemi mai ƙarko ko da ya tsufa, da na hannun mutanenmu. Kuma wannan sauyi ba daga gidan talaka zai fara ba, don shi in ya yi za a ce rashi ne. Sai ran da Hajiya matar babban ɗan kasuwa, ko matar wani darakta, ta jera fantekar uwarta a tsakiyar bife, ta shimfiɗa tabarmar Mayahi a falo da gangan, ran nan za a ce yayi ne.

Da la'asar muka ɗaura ma mushe kayanshi a bayan babur: fanteka biyu da akushin dattijuwar nan, da tabarmi uku, da faya-fayai shida masu launi, da labule. Bayan sati biyu ya aiko mani da saƙo. Uwar ɗiya ta karɓi tabarmi da faya-fayai da labule, ta riƙe fantekun tana juyawa ta ce irin na uwarta ne sak, ta sa su cikin jere. Gadon ƙarfe kuwa ta ce ko a mafarki, sai na katako mai madubi. Bashin banki dai an ci shi, amma rabin abin da aka yi niyya. Akushin, amarya ta ce ba ta so, yanzu a ciki ake kai ma mushe tuwon dare.

Sai wani satin, in Allah ya kai mu.