Ambaliya a Maraɗi: Tukunyar Maƙwabci da Iyakar Ƙarfinta

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a birnin Maraɗi. An bayyana cewa ruwan ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, kuma aƙalla mutane 15 suka rasu. A Nijar baki ɗaya, daminar 2024 ta yi sanadin mutuwar mutane kusan 400, ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, kuma jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, domin wasu azuzuwa sun lalace, wasu kuma sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe.

Inda haɗarin yake

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Jiratawa da Maraɗi da Tibiri kafin ya sake komawa Najeriya. A 1945 gulbin ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, shi ya sa aka mayar da gari kan tudu. Amma tudu bai raba mutane da ruwa ba. Idan an yi ruwa mai ƙarfi, yakan gangaro ta tituna da kwazazzabai, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. A Jiratawa da Tibiri kuwa, gonaki da lambunan fadama ne ke nutsewa. Tun da Jiratawa tana cikin wuraren da ke kawo wa birni zogale da kayan miya, asarar mai lambu takan bayyana a kasuwannin Maraɗi.

Agajin da ke riga kowa zuwa

Kafin hukuma ta ƙidaya waɗanda abin ya shafa, kafin motar agaji ta iso, akan yi kwanaki. A cikin waɗannan kwanaki maƙwabta ne ke riƙe da mutane. Mai ɗakin siminti ya buɗe wa mata da yara, maza su kwana a zaure ko masallaci. Matar da murhunta bai jiƙe ba ta dama kunu da safe, da dare ta tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ta ƙara kwano biyu ko uku a kan na gidanta. Wata ta kawo fura, wata dambun zogale. Wannan abinci yana kashe yunwa, yana kuma kwantar da hankalin yaron da ya ga ɗakinsu ya faɗi, domin ɗanɗanon da ya saba da shi ne, daga hannun da ya sani.

Haka abin yake har a ƙasashe masu arziki. A jihar Luwiziyana ta Amurka, bayan guguwar Katrina a 2005 da ambaliyar 2016, masu ƙananan jiragen kamun kifi sun fita ceton maƙwabtansu bisa raɗin kansu. Mutanen yankin an san su da dafa wa jama'a wata miya a babbar tukunya, wadda suke kira gumbo, sau da yawa da kuɓewa a ciki, ana ci da shinkafa.

Inda ƙarfin maƙwabci yake ƙarewa

Abin lura shi ne ambaliya tana zuwa a Agusta da farkon Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, tiya kuma ta yi tsada. Gidan da ke ciyar da mutum 8 da ƙyar, idan ya koma ciyar da 15, cimakar wata guda sai ta ƙare cikin mako biyu. Itace ya jiƙe, gawayi ya yi wuya. Bugu da ƙari, ba a iya ta da ginin ƙasa sai ruwa ya ɗauke, saboda haka baƙuncin da aka yi zaton na kwana uku ne yakan kai watanni.

A wajen rabon agaji, wanda gidansa ya faɗi shi ake rubutawa. Wanda ya sauke shi, katangarsa tana tsaye, don haka ba a cika ganin asararsa ba, alhali rumbunsa ne ya ɗauki nauyin. Kunya kuma ba za ta bar shi ya ce baƙi sun yi masa yawa ba. Idan aka bar shi haka, shekara mai zuwa zai yi nauyin buɗe ƙofa.

Akwai kuma maganar lafiya. Cunkoso da ruwan rijiyar da salga ta malala cikinta suna buɗe wa kwalara hanya, kamar yadda aka gani a gundumar Madarunfa a 2018. Tukunya ɗaya da ke ciyar da gidaje biyar tana iya yaɗa cuta a gidaje biyar.

Abin da ya kamata a yi

Masu unguwa da masu gari, idan suna rubuta waɗanda ambaliya ta shafa, su rubuta gidajen da suka sauke su da yawan bakin da suka ƙaru. Hukumomin komin da ƙungiyoyin agaji su sa waɗannan gidaje cikin rabo.

A ba da abin da tukunyar gida ta sani: hatsi, wake, mai, gishiri, tare da busasshen itace ko gawayi. Buhun shinkafa ba ya amfanar wanda ba shi da wuta.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka samo asali a jahar Maraɗi a 1991 da tallafin CARE, suna da asusu da amanar juna. Yana da kyau kowace ƙungiya ta ware 'yan tiyoyi tun da kaka, a ajiye a wuri mai tudu saboda irin wannan rana. Haka ma masu kula da rumbun tsimi.

Kafin damina, kowane gida ya ɗaga hatsi, kuka, daddawa da takardu masu muhimmanci daga ƙasa. Mazauna unguwa su yashe magudanan ruwa tare, su kuma san tun da wuri gidan da tsofaffi da masu jego za su koma.

A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, a wanke hannu da sabulu, a ci abinci da zafinsa. Wanda ya fara zawo da amai a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Idan ruwa ya ɗauke, a yi gayyar gini, a fara da ɗakin gwauruwa da na marayu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin wannan gayya, kada a manta da maƙwabcin da ya ciyar da jama'a: a mayar masa da mudun da ya fitar, domin damina za ta sake zagayowa.