Adon Harshe Ya Wuce Haddar Jarrabawa

Kowace shekara, da zarar jarrabawar WAEC ta gabato, sai ka tarar da ƙannenmu na sakandare sun duƙufa ga haddace sunayen dabarun magana na Turanci, su simili da metafo da haifaboli, tamkar aku mai maimaita abin da bai san ma'anarsa ba. Ranar jarrabawa kuwa, idan aka ja layi ƙarƙashin wata jimla aka ce su faɗi irin adon da ke cikinta, sai ido ya raina fata. A ganina laifin na hanyar koyarwa ne, domin an ba yaro suna tun ba a nuna masa mai sunan ba.

Alhali kuwa abin nan yana bakin ƙofarmu. Duk ɗalibin da ke bi ta Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana jin sa kullum. Idan masunci ya ce kifinsa ya kai ɗan maraƙi girma, ya yi kambamawa. Idan manomin fadama ya tuna ambaliyar 2010, ya ce Gulbin Rima ya yi fushi ya cinye gonaki, ya yi mutuntarwa ke nan, tunda gulbi ba ya da zuciyar fushi. Mai cewa shinkafarsa fara ce kamar auduga ya yi kamantawa, wanda kuma ya ce wa ɗan kokawa zaki kai tsaye ya yi siffantawa. Yaron da ya tashi cikin kirari da habaici da zambo ba baƙo ba ne ga wannan fage.

Sunayen ma muna da su. Malaman zaure na Sakkwato sun daɗe suna karantar da balaga, da tashbihinta da isti'ararta da kinayarta. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara kalmomin feɗe waƙa da Hausa, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na wannan jami'a kuma ya fitar da Salo Asirin Waƙa a 2001. To, me zai hana malamin Turanci ya fara da misalin gida, sa'an nan ya ɗora sunan Turanci a kai? Wanda ya gane abu da harshen uwarsa, sunan baƙo ba zai gagare shi ba.

Amma batun ya wuce cin jarrabawa. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal na ƙasar Girka ya nuna cewa mai jawabi yana jawo mutane ta hanya uku: nagartar halinsa, da sosa zuciyar masu sauraro, da kafa hujja. Ɗan siyasar da ba ya da hujja yakan tsere zuwa ta biyu, ya yi ta kambamawa har a tafa masa a manta ba a ji yawan rijiyoyin da ya gina ba. Mu da za mu riƙe ofisoshi gobe, da waɗanda suka riga suka kama aiki, wajibi ne mu iya tankaɗe magana, mu ware tsaki daga gari, kafin mu sa hannu a takarda ko mu jefa ƙuri'a.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu zuwa koyarwar gwaji, da su ɗauki wannan hanya zuwa azuzuwa. Allah Ya sa mu dace, amin.