In, On, At: Ƙananan Kalmomin Da Ke Ja Mana Babbar Asara A Zango

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta yi sallama a ƙofar gidana da takarda a hannu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini, ko dai zaluntar yarinyar nan aka yi?" 'Yarta ce ta nemi gurbin koyon aiki a wani wuri, aka amsa mata cewa ta kawo sauran takardunta "within 14 days". Yarinyar ta karanta ta ce wa uwar an ce ta zo nan da kwana 14. Suka zauna suna ƙirga kwanaki. Da suka cika, washegari ta yi kwalliya ta hau trotro ta tafi, aka ce mata an rufe karɓa tun jiya.

Ba wanda ya zalunce ta. Da takardar ta ce "in 14 days", to fassarar yarinyar ta yi daidai. Amma "within" na nufin a cikin kwanakin, kafin su ƙare, ko yau ma kina iya kawowa. Kalma ɗaya ta raba ta da gurbin da ta daɗe tana nema.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, yaranmu na zango ba don rashin ƙwaƙwalwa suke tuntuɓe da waɗannan kalmomin lokaci na Turanci ba. Hanyar da ake koya musu ce ba ta biyo ta Hausar da suke tunani da ita ba. Kuma mu da kanmu za mu iya gyara wannan, ba sai mun jira kowa ba.

A nan Gana Turanci ne harshen hukuma. Takardar asibiti da shi take zuwa, sammacin kotu da shi, saƙon banki da shi, jarrabawar BECE da WASSCE da shi. Wanda bai samu aƙalla C6 a Turanci ba, ƙofar jami'a ta yi masa wuya. Ga shi kuma cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani, babu Hausa. Yaron Nima ko Mamobi ko Aboabo zai shiga aji, a rubuta masa a allo cewa "at" na agogo ne, "on" na rana, "in" na wata da shekara, a ce ya haddace. Ya haddace ranar Litinin, kafin Laraba ya zubar, domin ba a rataya masa ƙa'idar a jikin abin da ya riga ya sani ba.

Alhali Hausa ta riga ta ba mu mabuɗi. Duk inda bakinka ya ce "ran" ko "ranar", Bature "on" zai ce: ran Juma'a, on Friday, ranar Sallah, on Eid day. Kofi da Ɗanjuma duk ran Juma'a aka haife su, born on Friday ke nan. Duk inda ka ce "ƙarfe", to "at" ne: da ƙarfe uku, at three o'clock. Duk inda ka ambaci wata ko shekara ba tare da rana ba, "in" ne: a watan azumi, in Ramadan. Ɗauki tarihin da kowane ɗan makaranta ya sani. Gana ta samu 'yanci in 1957, in March 1957, amma da zarar ka sa rana sai ya koma on 6th March 1957. Kwame Nkrumah kuma da tsakar dare ya yi shelar, at midnight. Misali ɗaya ya ɗauke ƙa'idoji uku.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmarmu ta "da". Mu da ita muke cewa da safe, da yamma, da dare, da damina, da ƙarfe biyar, duk kwano ɗaya. Turanci ya raba: in the morning, in the evening, in the rainy season, amma at night, kuma at five. Shi ya sa za ka ji yaro ya ce "at the morning". Ba shirme ya yi ba, Hausarsa ya bi. Malamin da ya san haka zai ce masa: safe da rana da yamma "in" suke ɗauka, dare ne kaɗai ya fita daban. Sannan idan rana ta haɗu da safiya, ranar ce ke rinjaye: ran Asabar da safe, on Saturday morning. Akwai kuma wurin da ba a sa komai. Yadda ba ka cewa "a gobe da safe" in kana hira, haka Bature ba ya sa komai gaban tomorrow ko yesterday. Haka nan in ka ga next, last, this ko every, cire "on" ɗin: next Monday kawai, ko da yake mu "ran Litinin mai zuwa" muke cewa.

Waɗannan na jarrabawa ne, maki suke ci. Akwai waɗanda kuɗi da dama suke ci. "By Friday" na nufin kada ya wuce Juma'a, ita Juma'ar tana ciki. "Before Friday" na nufin Alhamis ce ranar ƙarshe. Mu duka biyun "kafin Juma'a" muke ce musu, daga nan rigimar bashi da ta kuɗin haya ke tashi. "Until Friday" kuwa "har Juma'a" ne, abin yana ci gaba sai ranar ya tsaya. Sai "since" da "for". "Tun" ita ce since, tana bin mafarin lokaci: tun 2019, since 2019. Amma in tsawon lokaci kake faɗa, na yi shekara biyar ina ɗinki, for five years ne. Wanda ya rubuta "since five years" a takardar neman aiki, mai karantawa ya riga ya yanke masa hukunci kafin ya kai layi na biyu. Ba adalci ba ne, amma haka duniyar take.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu Musulmi, kuma ba za ka same shi a littafin Turanci ba. A lissafinmu dare ne ke gaba da yini, rana na shiga ne daga magariba. In dattijo ya ce "daren Juma'a", daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi. Shi kuwa "on Friday night" bayan an sauko daga masallaci ne, rana ta faɗi, wanda mu daren Asabar ne a wurinmu. Na san wani baba da jikansa ya fassara masa saƙon motar Tamale haka, ya kwashi kaya ya je tasha ran Alhamis, ya kwana a benci. Da jirgi ne ko ranar aikin asibiti fa? Duk wanda ke yi wa tsofaffi tafinta a gida, ya riƙa ƙarawa da cewa "Juma'a bayan magariba", magana ta ƙare.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ai ana gane mu, a kasuwa wa ya damu da "in" da "on"? Gaskiya ne, a Kejetia ko Makola ko da buroka ka yi ciniki zai faɗa. Amma takarda ba ta ganin hannunka, ba ta jin muryarka, ba ta tambayarka me kake nufi. Na biyu, wasu iyaye na ganin sa Hausa a darasin Turanci zai lalata Turancin yaro. Ni dai na ce mu waiwayi makarantarmu ta allo da ta ilimi. Da me malamanmu suka koya mana "fi" da "ala" da "min" da "ila" na Larabci? Da Hausa ne, kalma bayan kalma, kuma ba a taɓa cewa hakan ya hana zango fitar da manyan malamai ba. Hanyar da ta yi wa Larabci aiki ba za ta gagari Turanci ba. Na uku, za a ce ba duk yaran zango ne Hausawa ba. Haka ne, akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Mosi, amma da Hausa suke wasa a lungu ɗaya.

To me za a yi? Malaman makarantun Islamiyya da ke haɗa boko da Arabiyya, da matasan da ke yi wa ƙanne darasin yamma, su ware minti goma a mako. Kada a fara da ƙa'ida. A kawo takarda ta gaske: katin ganin likita, saƙon kuɗin makaranta, sanarwar ɗaukar aiki. A ce yaro ya ja layi ƙarƙashin kalmar lokacin, ya faɗi ma'anarta da Hausa, sannan ya nuna ranar a kalanda. In ya nuna daidai, ya gane. Masu shirye-shiryen Hausa a rediyo su ma suna da rawar takawa, domin iyaye mata da yawa ta nan ilimi ke isa gare su.

Kai kuma babba, in takarda ta zo, kada kunya ta hana ka tambaya. Duba ƙaramar kalmar da ke gaban ranar kafin ka duba ranar. Matambayi ba ya ɓata.

'Yar maƙwabciyata ta sake nema a wani wuri. Wannan karon an rubuta mata "by Monday". Ran Alhamis ta kai. Allah ya sa a dace.