Wanzaman Zango da Majalisar Lasisi

Tun shekarar 2000, lokacin da hukumar Gana ta kafa doka mai lamba 575, wadda ta ɗora wa wata majalisa alhakin rajistar masu maganin gargajiya da ba su lasisi, ya wajaba ga wanzaman unguwannin zango na Nima da Mamobi, waɗanda suka gaji aska da ƙaho daga kakanninsu, su fahimci cewa gado kaɗai ba ya zama hujja a gaban hukuma. A ganina, maimakon gunaguni a zaure bayan sallar la'asar, abin da ya fi maslaha shi ne su haɗa kai su rubuta takardar koke, da sa hannun sarakunan zango da albarkar Babban Limamin ƙasar, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, suna neman a karɓi shaidar ubangidan da ya koyar da almajirinsa, a kuma jarraba dattijo da baki cikin Hausa, domin wanda ya yi shekara talatin yana kaciya bai cancanci Turanci ya kayar da shi ba. Amma fa sharaɗin tsabta, wato sabuwar reza ga kowane yaro, su fara ɗora wa kansu shi kafin majalisa ta tambaya.