Kofi Ya Samu, Saura Biyan Albashi: Lissafin Ƙungiyar Oklahoma

Wannan bayani ne a kan wani sha'ani na ƙasar Amurka, watau sha'anin ƙungiyar ƙwallon kwando ta birnin Oklahoma wadda ake kira Thunder. Ran 22 ga watan Yuni na 2025 wannan ƙungiya ta rinjayi Indiana Pacers a wasa na bakwai, ta ɗauki kofin gasar NBA, bayan ta ci wasa 68 cikin 82 na wannan kaka. Tun da ta yi ƙaura daga Seattle a 2008 ba ta taɓa samun irin wannan girma ba sai ran nan. To, amma ba a gama shagali ba sai masu hankali suka koma ga lissafi, gama daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai dabam-dabam suka ci kofin nan, ba wadda ta maimaita. Ɗaya daga cikin manyan dalilan haka shi ne dokar albashi, wadda ke warwatsa taron gwanaye da zarar sun yi tsada.

Fasali na farko: haddin albashi

Ku sani ƙungiyoyin gasar nan 30 ne, kuma kowace tana iya riƙe mutum 15 a cikakkiyar yarjejeniya. Kuɗin da wasan ke kawowa ana raba shi kusan biyu tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, daga nan ake fitar da haddin albashi na kowace shekara. A kakar 2025 zuwa 2026 an yanka haddin nan dala miliyan 154.6. Ana iya ƙetare shi bisa wasu sharuɗɗa, musamman don ƙungiya ta riƙe ɗan wasan da ya daɗe a hannunta. Amma wadda albashinta ya wuce miliyan 187.9 a wannan kaka, tara ta hau kanta, tarar kuwa hawa-hawa take, gwargwadon nisan da aka yi gwargwadon nauyinta. Wadda ta biya tara shekara uku cikin huɗu da suka gabata, ana ƙara mata wani nauyi a kai.

A da, attajiri mai ƙarfin aljihu yakan biya tara ya wuce abinsa. Saboda haka yarjejeniyar da aka ƙulla a 2023 tsakanin hukumar gasar da jam'iyyar 'yan wasa ta kafa shinge na biyu bayan na farko. A kakar da aka ambata, na farko yana kan miliyan 195.9, na biyu yana kan miliyan 207.8. Wadda ta tsallake na biyu, an ɗaure mata hannu. Ba ta da ikon haɗa albashin mutum biyu don ta yi musanyar babban ɗan wasa guda, ba ta da ikon ƙara tsabar kuɗi a cikin ciniki, an kuma hana ta kason da ake ba sauran ƙungiyoyi na ɗaukar ɗan wasa mai matsakaicin albashi. Har wa yau ana kulle mata gurbin zaɓenta na shekara ta bakwai a gaba, ba ta iya sayar da shi, in kuwa ta daɗe a bayan shingen sai a mayar da gurbin can ƙarshen layi. Wannan hukunci ne da dukiya ba ta fansarsa.

Fasali na biyu: zaɓen samari

Kowane watan Yuni ƙungiyoyi sukan zauna su zaɓi sababbin samari daga jami'o'i da ƙasashen waje, zagaye biyu. A zaɓen 2025 waɗanda suka fi shan kaye su aka fifita, aka jefa ƙuri'a tsakanin guda 14 da ba su kai ga wasannin neman kofi ba. Abin lura a nan shi ne farashi. Yaron da aka zaɓa a zagayen farko albashinsa a yanke yake har shekara huɗu, biyu na farko tabbas, biyu na baya sai in ƙungiya ta so. A 2025 wanda aka zaɓa na ɗaya, Cooper Flagg, albashinsa na shekarar farko bai kai dala miliyan 14 ba, na goma sha biyar kuwa bai kai miliyan 5 ba. Shi kuwa gwanin da ya ƙware, doka ta yarda a ba shi kashi 25, ko 30, ko 35 cikin ɗari na haddin duka, gwargwadon shekarunsa da lambobin yabon da ya samu. Ashe ke nan yaro nagari mai araha ya fi komai daraja ga ƙungiyar da manyanta suka cinye kasafi. Gurbin zaɓe kuma haja ne, ana musanyarsa kamar yadda ake musanyar ɗan wasa.

Fasali na uku: abin da ya faru a 2012

Mutanen Oklahoma sun taɓa ɗanɗana wannan mas'ala. Manajansu Sam Presti, wanda ya karɓi aiki a 2007, ya zaɓi Kevin Durant a wannan shekara, da Russell Westbrook a 2008, da James Harden a 2009. Samarin nan uku suka kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 2012, Miami ta doke su. Jama'a suka ce ba komai, yara ne, gobe tasu ce. Sai ga shi cikin watan Oktoba na shekarar nan ciniki ya ɓaci tsakanin ƙungiya da Harden a kan albashi, saboda gudun tara, aka miƙa shi ga Houston. Daga baya kowane ɗaya cikin ukun ya zama gwarzon gasar, Durant a 2014, Westbrook a 2017, Harden a 2018, amma ba su sake taka wasan ƙarshe tare ba, Durant ma ya yi gaba a 2016. Shekara goma sha uku birnin ya yi yana jiran komawa wurin da ya baro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Fasali na huɗu: yadda aka cika rumbu

A watan Yuli na 2019 Presti ya ba Los Angeles Clippers gwaninsa Paul George, ya karɓi wani saurayi ɗan Kanada, Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da guraben zaɓe biyar na zagayen farko, da ikon musanyar gurbi sau biyu. A wannan wata kuma ya ba Houston Westbrook, ya ƙara tara gurabe. Sa'an nan ƙungiyar ta haƙura da shan kaye, ta ci wasa 22 kawai a kakar da ta ƙare a 2021, da 24 a ta 2022. Ladan haƙurin shi ne Chet Holmgren, wanda aka zaɓa na biyu a 2022. A wannan zama aka ɗauki Jalen Williams na goma sha biyu, da gurbin da ya fito daga Clippers. Luguentz Dort ba wanda ya zaɓe shi a 2019, su suka tsince shi. Aaron Wiggins na 55 ne a 2021, Cason Wallace na goma a 2023. Saboda yawancinsu suna kan albashin yara, ƙungiyar ta ci kofin 2025 ba tare da ta biya ko kwabo na tara ba. Wannan abu ne da ba safai yake faruwa ba.

Fasali na biyar: lissafin abin da ke gaba

Araha ba ta dawwama. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar ta ɗaure manyanta uku. Gilgeous-Alexander, gwarzon gasar na wannan shekara, ya sa hannu a kan shekara huɗu, kimanin dala miliyan 285, farawa daga kakar 2027. Holmgren da Williams kowanne ya samu shekara biyar farawa daga kakar 2026, a kan kashi 25 cikin ɗari na haddi, na Williams kuma da sharaɗin ƙari in ya samu wasu lambobin yabo. Da wannan aka rufe ƙofar da Harden ya fita.

To, ga lissafi a sauƙaƙe. In aka ɗauki haddi a matsayin ɗari, shinge na biyu yana wajen 134. Mutum uku sun ɗauki 35 da 25 da 25, watau 85. Saura 49 ke nan za a raba wa mutum goma sha biyu. Bisa ma'aunin 2025, wannan saura bai fi dala miliyan 76 ba. Ga shi kuwa Isaiah Hartenstein an ɗauke shi a 2024 a kan miliyan 87 na shekara uku, Alex Caruso kuma a ƙarshen wannan shekara ya samu miliyan 81 na shekara huɗu. Su biyu kaɗai sun kusa miliyan 50 a shekara. Ba a ambaci Dort ba, ba a ambaci Wallace ba, wanda shekarunsa huɗu na araha suke ƙarewa a 2027. Lalle ba a tauna taura biyu. Shi ya sa aka rubuta yarjejeniyar Hartenstein da ta Dort ta yadda shekarar da ke farawa a 2026 ta zama zaɓin ƙungiya, daidai lokacin da albashin Holmgren da Williams ke tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da ke sassauta ƙuncin. Hukumar gasar ta sayar da ikon nuna wasanni ga Disney da NBC da Amazon har shekara 11, a kan fiye da dala biliyan 75, farawa daga 2025, saboda haka ana sa ran haddi ya riƙa hawa. Amma doka ta ce kada hawansa ya wuce kashi 10 cikin ɗari a shekara, albashin manyan kuwa yana ƙaruwa da kashi 8. In haddi ya yi saurin hawa, nauyinsu ya ragu kaɗan-kaɗan. In ya yi nawa, nauyin ya tsaya inda yake.

A nan amfanin rumbu ya bayyana. Abin da ƙungiyar ta yi a zaɓen 2025 ya nuna niyyarta. Da gurbi na 15, wanda shi ma daga cinikin Paul George ya samo asali, ta ɗauki Thomas Sorber na jami'ar Georgetown, dogo mai tsaron ƙarƙashin kwando, watau mai irin aikin Hartenstein. Gurbi na 24 kuwa ta ba Sacramento, ta karɓi wani na 2027 bisa sharaɗi, domin a lokacin ba ta da wurin ajiye yaro, a 2027 kuwa za ta bukace shi. Ma'ana, hatsin bana an mayar da shi na baɗi. Manufar ita ce duk lokacin da wani na tsakiya ya yi tsada, a sallame shi, a tura yaron da aka riga aka horar ya tsaya a gurbinsa.

Fasali na shida: inda haɗari yake

Wannan dabara tana da rauni uku. Na farko, yaro ba tabbas ba ne. Nikola Topić ɗan Sabiya, wanda aka zaɓa na goma sha biyu a 2024, ya rasa kakarsa ta farko duka saboda ciwon gwiwa, Sorber ma jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Satumba na 2025 tun bai buga wasa ko ɗaya ba. Na biyu, darajar gurbin da aka karɓo daga wata ƙungiya tana rataye ne ga faɗuwar mai shi. In Clippers ko Houston suka yi ƙarfi, gurbin ya koma ƙarshen layi. Na uku, akwai abin da shekaru kaɗai ke koyarwa. Irin tsaron da Caruso da Dort suka yi a wasannin neman kofi na 2025, yaro ɗan shekara ashirin ba ya zuwa da shi daga makaranta.

Misalin maƙwabta ya isa wa'azi. Denver ta ci kofi a 2023, Bruce Brown ya tafi a wannan shekara, Kentavious Caldwell-Pope ya bi bayansa a 2024, samarin da aka sa a gurabensu ba su kai ta wasan ƙarshe ba a 2024 ko 2025. Boston ta ci a 2024, sai Jayson Tatum ya ji ciwo a agara cikin watan Mayu na 2025, kafin watan Yuli ya ƙare ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis don ta sauko daga shinge na biyu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bambancin Oklahoma da waɗannan shi ne manyanta uku duka ba su kai shekara 28 ba lokacin da suka ci kofi, kuma guraben zaɓenta sun fi nasu yawa nesa ba kusa ba.

Hukuncin da mai adalci zai yanke shi ne, ɗaure manyan nan uku daidai ne, kuma tara gurabe ya ba ƙungiyar abin da ba ta da shi a 2012, watau hanyar maye gurbi da araha. Amma rumbu ba zai hana tara ba, iyakarsa ya jinkirta ta, ya kuma rage nauyinta. Oklahoma ƙaramar kasuwa ce in an gwada ta da New York ko Los Angeles, kuɗin shiganta bai kai nasu ba. Saboda haka magana ta ƙarshe tana bakin masu ƙungiyar, ko za su yarda su biya tara shekara bayan shekara muddin gwanayen nan suna kan ganiyarsu. In sun yarda, guraben zaɓe za su tsare su daga shinge na biyu ko su taƙaita zamansu a bayansa. In sun ƙi, za a sallami mutanen kirki fiye da yadda samari za su iya cikewa, mutanen birnin kuma za su sake ganin abin da suka gani a 2012 da wata fuska. Mai son ya gane inda aka dosa, ya riƙa duban abu biyu kowane watan Yuni da Yuli: wa aka sallama, wa kuma aka zaɓa ya gaje shi.