Cin Abinci A Yankari: Tambayar Da Muke Yi Da Wadda Muke Tsallakewa

 

Duk lokacin da hutun Sallah ko na ƙarshen shekara ya zagayo, motocin iyalai da na ɗalibai sukan kama hanyar Bauchi zuwa Gombe, su karkata a Dindima, su nufi ƙofar Mainamaji domin shiga Yankari. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji, babu kasuwa, babu mai shayi a bakin hanya. Saboda haka duk wanda ya yi niyyar kwana ko yini a can, dole maganar abinci ta shiga lissafinsa tun daga gida. Hanyoyin da ke gabansa ba su da yawa. Ko dai ya taho da guzurinsa, ko ya ci a ɗakin cin abincin masauki, ko ya saya a garuruwan da ya ratsa kafin ya shiga. Haka lamarin yake a sauran gandayen daji, kamar Gashaka-Gumti da na tafkin Kainji, sai dai bambancin nisa da abin da ƙasar kowane wuri take bayarwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Mutum zai zauna a gidan abinci a tsakiyar ƙasar Musulmi, a kawo masa shinkafa da kaza, ya tsare ma'aikaci da tambayar wane ne ya yanka, daga ina aka sayo, an ambaci sunan Allah ko ba a ambata ba. Shi ɗin nan kuma, a hanyarsa ta komawa gida, idan aka miƙo masa baƙin ƙulli na bandar naman daji ta tagar mota, sai ya yi ciniki ya biya, ya kai wa iyali tsaraba, bai tambayi komai ba. Ya yi tsanani a inda shari'a ta sauƙaƙa, ya yi sakaci a inda ta ce a tsaya a duba.

Game da naman dabbobin gida da ake sayarwa a kasuwannin Musulmi, al'amarin mai sauƙi ne. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa wasu mutane sun kawo wa Annabi (SAW) damuwarsu a kan naman da sababbin shiga Musulunci suke kawo musu, ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, sai ya umarce su da su ambaci sunan Allah su ci. Daga nan malamai suka fahimci cewa yankan Musulmi ana ɗaukarsa a kan inganci har sai an ga akasin haka. Rago ko kaza da aka sayo daga mahautan Bauchi ko Alkaleri suna ƙarƙashin wannan hukunci, kuma yawan bincike a kansu ya fi kusa da waswasi fiye da tsantseni. Wanda ya je gandun daji a wata ƙasa, inda ake jera naman kada da na mugun dawa tare da na sa a teburi guda, shi ne ke da dalilin tambaya, kuma kifi da ƙwai da kayan lambu sun ishe shi mafita.

Naman daji kuwa babinsa daban ne. Farauta halal ce da nassin Alƙur'ani a cikin Suratul Ma'ida, amma halal ce mai sharuɗɗa, kuma duk ɗalibin da ya karanta babin farauta da yanka a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san su. Farkon abin da ake bukata shi ne sanin wace dabba ce. Banda tana ɓatar da kama. Idan aka daddatsa nama aka shanya shi a kan hayaƙi na kwana biyu ko uku, mai saye ba zai iya rantsuwa cewa gada ce ko barewa ba, sai abin da mai talla ya faɗa masa. A dajin Yankari kuwa mugun dawa yana cikin dabbobin da suka fi yawa, har cikin masauki yake kiwo, kuma shi dangin alade ne, haramcinsa bai canja ba don yana zaune a daji. Gwaggon biri ma yana da yawa, kuma malaman Malikiyya sun kasu biyu a kan naman biri tsakanin karhanci da hani, kamar yadda Shehu Khalil ya ambata a Mukhtasar. Wanda ya sayi abin da bai san asalinsa ba a wurin da waɗannan dabbobi suka fi sauƙin kamu, ya san irin cacar da ya shiga.

Ko da an tabbatar gwanki ne ko kanki, saura yadda ya mutu. A mazhabar Imam Malik, dabbar da aka farauto tana halatta ne idan maharbin Musulmi ne mai hankali, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin da ya saki makami ko karen da aka horar, kuma makamin ya huda ya fitar da jini. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya kashe da kaifinsa da abin da ya kashe da nauyinsa, na biyun mushe ne. Da bindiga ta bayyana, malamai sun yi saɓani a kanta, har manyan malaman Fas irin su Shehu Abdulƙadir al-Fasi suka yi fatawa da halaccin abin da harsashi ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini. Idan maharbi ya riski dabbar da sauran rai a jikinta, wajibi ne ya yanka. Idan ta ɓace masa ta kwana sannan ya tsince ta a mace, mashhurin zance shi ne ba a ci. To, mai farautar sata a cikin gandun da ma'aikata ke sintiri, wanda ke shiga da dare yana waige-waige, yaushe ya sami natsuwar kiyaye waɗannan? Yawancin abin da ake kamawa ta wannan hanya da tarkon waya ake kama shi. Ana ɗana tarko a kan turbar ruwa, a tafi, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. Dabbar da waya ta shaƙe ta mutu ita ce ainihin maƙararriyar da aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa cikin haramtattu. Hayaƙi ba ya mayar da mushe yankakke.

Akwai kuma batu na uku, wanda shi ne mutane suka fi gardama a kansa. Sukan ce dabbar daji ta Allah ce, ba ta da ubangiji, wanda ya riga kamawa shi ke da ita, kuma wannan shinge da ake kira gandun daji ƙirƙirar Turawa ce. Gaskiya ne cewa a zamanin mulkin mallaka aka keɓe Yankari, a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Amma keɓe wani yanki na ƙasa domin amfanin jama'a ya girmi zuwan Turawa da ƙarnoni masu yawa. A fiƙihu sunansa hima, a Hausa kuma muna da kalmar hurumi. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka da na jihadi. Hadisin da ya taƙaita hima ga Allah da ManzonSa ya zo ne domin rushe al'adar Jahiliyya, inda mai ƙarfi ke killace makiyaya don kansa, kuma jumhurin malamai sun tafi a kan cewa shugaba yana da ikon keɓewa idan maslahar ta kowa da kowa ce. A nan ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen ƙasa da hanyoyin keɓanta da ita. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya. Idan hukuma ta hana farauta a cikinsa domin kada jikokinmu su san giwa da ɓauna a hoto kawai, wannan hani ne a kan abin da asalinsa mubahi ne saboda maslaha bayyananna, kuma biyayya a irinsa wajibi ce. Naman da aka fitar daga can ta ɓarauniyar hanya, ko da an yanka shi yankan da babu aibi, an same shi ne ta hanyar saɓa wa wannan hani, kuma kuɗin mai saye shi ne ke mayar da maharbi daji gobe.

Sai dai adalci ya sa a karanta labarin hima har ƙarshensa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Umar ya yi wa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hima. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garkunan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonakin da za su koma, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma. A yau lamarin ya kusa juyewa. Mai mota daga birni shi ke shiga ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, manomin da ke maƙwabtaka da dajin kuwa shi ne giwa ke tattake wa dawa da masara a dare ɗaya. Ba na kare mai tarko, amma wanda yunwa ta kora daji da wanda kwaɗayin marmari ya sa ya tsaya saye ba su zama ɗaya ba a wurin Allah. Na farkon yana iya samun uzurin lalura a wani hali. Na biyun, da cikinsa a cike da kuɗi a aljihu, ban san uzurin da zai kawo ba.

A nan ne zaɓin abincin baƙo yake da nauyin da bai zata ba. Ƙasar Bauchi ba ta rasa abin ci ba. Masarta ta yi suna a duk Arewa, ga miyar taushe, ga tsire da balangu na dabbobin da aka yanka a gaban jama'a, ga fura da nonon matan Fulani, ga ƙosai da kunu da safe. Duk nairar da maziyarci ya kashe a kan waɗannan a Alkaleri ko ƙauyukan da ke kan hanya, tana shiga gidan da ke ganin amfanin zuwan baƙi, kuma gidan da ke cin abinci daga zuwan baƙi ba zai so a ƙarar da dabbobin da baƙin ke zuwa kallo ba. Da masu kula da gandun za su ware wuri mai tsabta a bakin ƙofa ga matan ƙauyukan kewaye, su riƙa sayen ƙwai da kaji da hatsi da kayan miyan masauki daga hannunsu, da sun yi aikin da ya fi ƙarin bindigogin sintiri arha, kuma ya fi kusa da ruhin wasiyyar Umar. Makarantun Islamiyya da na boko da ke kai ɗalibai ziyara su ma suna iya shirya cin abincinsu ta wannan hanya, maimakon a cika mota da lemon roba da biskit tun daga Kano ko Jos.

Ta fuskar lafiya ma akwai abin lura, ko da yake ba zan tsawaita ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, daga ɓera yake yaɗuwa, kuma Bauchi na cikin jihohin da yake yawan ɓulla da rani, daidai lokacin da ake ƙona daji ana farautar gayya, kuma daidai lokacin da maziyarta suka fi yawa. Shari'ar da ta hana mutum cutar da kansa ba ta bukatar wani dogon sharhi a nan.

Wanda ya zaɓi tahowa da guzuri daga gida ya huta da yawancin waɗannan tambayoyi, amma shi ma akwai abin da ke wuyansa. Dambun nama da kilishi da soyayyar kaza da gurasa suna jure tafiya, shinkafa da miya kuwa a zafin Maris ba sa kai yamma. Mukan dafa abin da ya ninka bukatarmu, rabi ya lalace a zubar, alhali Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hanin ɓarna a aya guda. Abin da aka zubar ɗin kuma ba ya ɓacewa. Birai na masaukin Wikki sun shahara da fizge abinci daga hannun mutane da shiga ɗakin da aka bari a buɗe, kuma mu muka koya musu. Mai jefa wa biri ayaba yana jin ya yi sadaka, yana tuna ladan da aka yi alkawari ga wanda ya tausaya wa mai rai. Amma dabbar da ke cikin dajinta, da 'ya'yan itace da ruwan kogin Gaji a gabanta, ba mabukaciya ba ce kamar karen da ƙishirwa ta galabaitar. Abin da ake yi mata shi ne a raba ta da tsoron mutum, har ranar da za ta ciji yaro. Ledar da aka yar da sauran tuwo a ciki kuwa, mugun dawa ko gwambaza zai haɗiye ta gaba ɗaya. Uwar gida da ta tanadi buhu guda domin kwashe shara, ta sa yara suka mayar da kowace roba cikin mota, ta koya musu fiƙihun amana fiye da abin da za su ji a wa'azin awa guda.

Ga malaman da ke jagorantar ɗalibai, ina ganin ziyarar gandun daji dama ce ta karantar da babin farauta da yanka a inda yake da rai. A tsaya a gaban tarkon waya idan ma'aikata sun nuna wanda suka ƙwace, a tambayi ɗalibi hukuncin abin da ya mutu a cikinsa, a tambaye shi bambancin yankan Ahlul Kitabi, wanda Malikiyya suka halatta da sharuɗɗansa, da farautarsu, wadda mashhurin mazhaba bai halatta ba. Idan kuma motar ta tsaya a hanyar dawowa aka miƙo ƙullin banda ta taga, a bar ɗaliban su yi wa mai tallar tambayoyin nan uku da kansu: wace dabba ce, yaya ta mutu, daga wane daji aka fito da ita.