Bond FM da Hausawan Agege: wa zai biya kuɗin muryar zango?

Ranar 18 ga Mayun 2022 Gwamnan Legas, Babajide Sanwo-Olu, ya sanar da haramta sana'ar acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Agege ba ta cikinsu. Sai dai Agege da Ikeja maƙwabtan juna ne, ɗan acabar da ya ɗauki fasinja daga Pen Cinema ba zai yi nisa ba zai tsinci kansa a inda dokar ta fara aiki, ba tare da ya ga wata alama ta iyaka ba. Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. Ana kama mai babur da fasinjansa, babur ɗin kuma a kai shi inda za a murƙushe shi ya koma ƙarfen jari. Ga saurayin da ya taso daga Jigawa ko Zamfara da babur na bashi, wannan karayar jari ce gaba ɗaya.

Dokar ta fito da Turanci daga Alausa, inda sakatariyar jihar take. Kafafen Hausa na ƙetare sun ba da labarin yadda ya kamata, to amma gidan rediyon da ke magana da mai sauraro a Agadas da Kumasi da Kano a lokaci guda ba zai tsaya yana fayyace wace mararraba ce ƙarshen Agege ba. Wannan aikin tashar gida ce, wadda za ta kawo jami'in sufuri ta zaunar da shi, ta buɗe layin waya, a yi ta tambayarsa da Hausa har mako ya zagayo.

Akwai irin wannan tasha a Legas, kuma ta gwamnatin tarayya ce. Bond FM, wadda ake kamawa a mita 92.9, ɗaya ce daga tashoshin Rediyon Najeriya a birnin, tare da Metro FM da Radio One. Abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta shi ne an gina ta a kan manyan harsunan ƙasa uku, Yarabanci da Hausa da Ibo. Yarabanci ne ya fi rinjaye a shirye-shiryenta, kuma babu mai hankalin da zai ga laifin hakan a Legas. Abin tambaya shi ne me ake yi da rabon da Hausa ta samu, kuma wa ke ɗaukar nauyinsa.

Mutanen da ake magana a kansu ba baƙin jiya ba ne. Tun 1863 Turawa suka kafa rundunar da aka sani da Hausawan Glover a Ikko. Da layin dogo ya tashi daga Legas ya isa Kano a farkon ƙarni na 20, Agege ta zama matattarar fataken goro, domin gonakin goro sun kewaye ta ga kuma tashar jirgi a tsakiyarta. Huhunan goro su yi arewa, shanu su gangaro kurmi. A haka zango ya kafu, aka yi masallatai da makarantun allo, aka naɗa Sarkin Hausawa. Yau akwai gidaje a Agege da kakanninsu ma a nan aka haife su, yaransu suna juya Yarabanci kamar yadda suke juya Hausa. A gefensu kuma ga 'yan ci-rani da ke sauka kullum daga bayan tirela: mahauta a mayankar Oko-Oba, 'yan gwari a Mile 12, masu tumaki a Alaba Rago, masu shayi, masu gadi, masu gyaran takalmi, 'yan ga-ruwa. Rukuni na farko ba ya buƙatar tafinta. Na biyun ne ke cikin duhu, kuma su ne suka fi cin karo da hukuma.

Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja zai iya ɗaukar wannan a matsayin matsalar Legas. Tarihin shekarun nan bai goyi bayansa ba. Rikicin Shagamu na Yulin 1999 bai kwana biyu ba aka ji amonsa a Kano. A Nuwamban wannan shekarar aka yi na Ketu, a Fabrairun 2002 na Idi-Araba, a Maris na 2016 na Mile 12, a Oktoban 2020 na Fagba, wadda ke dab da Agege. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tare hanyar kai kaya kudu, farashin tumatir da nama ya tashi a Legas, kayan gwari kuma suka yi ta ruɓewa a hannun manoman arewa, har sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. A irin waɗannan ranaku jita-jita kan riga gaskiya isa gida, ta ninka adadin gawarwaki a hanya. Muryar da mutanen zango suka saba ji kowace safiya, suka san mai ita, ita ce za a gaskata in ta ce kasuwa kaza lafiya lau, a guji titi kaza, mutum biyu ne suka rasu ba ɗari biyu ba. Irin wannan amana ba a ƙulla ta ranar da wuta ta tashi. Sai an shekara ana faɗa wa mutum farashin kwandon tattasai daidai kafin ya yarda da abin da aka faɗa masa ranar tarzoma.

Don haka abin da ake nema ya wuce fassara labaran ƙasa zuwa Hausa da karanta gaisuwa. Ana neman shirin da aka dafa a Legas domin mazauna Legas. Lokacin da kwalara ta ɓarke a jihar a Yunin 2024, 'yan ga-ruwa da masu sayar da abinci a bakin titi ne ya kamata a fara yi wa bayani da harshensu. Da aka hana amfani da robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, mai shayi da mai tsire suna cikin waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Jirgin ƙasa na Red Line da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Fabrairun 2024 yana ratsa Agege, ya canza yadda ake tsallaka layin dogo da inda aka yarda a baza kaya. Ga rajistar mazauna jihar, ga wa'adin tashi da akan bai wa kasuwanni, irin wanda aka bai wa Alaba Rago a 2022, ga haƙƙin ɗan haya, ga inda mace mai naƙuda za ta nufa da tsakar dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu ɗaya daga waɗannan da za a iya shiryawa daga Kaduna ko Landan.

Sai maganar kuɗi, inda yawancin shawarwari masu daɗin ji ke mutuwa. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka sa Rediyon Najeriya cikin hukumomin da za su riƙa neman wani ɓangare na kuɗin gudanarwarsu da kansu. Gwamnati na biyan albashi, amma man janareta da kuɗin motar ɗan rahoto sukan jira abin da talla ta kawo. Manyan kamfanoni kuwa ba sa rububin tallata kaya a filin Hausa na Legas, domin a lissafinsu mai sauraron ba shi da abin saye. Lissafin kuskure ne, in aka dubi tirelolin da ke sauke kaya a Mile 12 kowace asuba, amma shi ke aiki. Abin da ke biyo baya sananne ne a tashoshin ƙasar nan: a sayar da fili ga duk wanda ya iya biya, mai maganin gargajiya mai warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya, ko ɗan siyasar da ba ya tunawa da zango sai zaɓe ya matso. Akwai kuma abin ban takaici a gefe. Kundin tsarin mulki na 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, masu shaguna a Legas sun san takardar sarai, amma kuɗin ba ya isa tashar da ke watsa shirin. A Ingila irin wannan kuɗin ne ke riƙe da BBC.

Ba sai an je ƙetare neman misalin yadda masu sauraro ke tallafa wa gidan rediyonsu ba. Duk wanda ya taso da Rediyon Kaduna ya san Zaɓi Sonka. Mutane sun riƙa sayen katin gaisuwa da kuɗinsu, suka kafa ƙungiyoyin zumunci a garuruwa, da shugabanni da sakatarori, suna ziyartar juna daga wannan jiha zuwa waccan, har da Nijar da Kamaru. Ba wanda ya kira abin da wani babban suna, amma tsari ne na tara kuɗi da tara jama'a wanda ya daɗe yana aiki. A Nijar ma ƙungiyoyin masu sauraro sun kafu tun farkon shekarun 1960, suna naɗar muryoyin mutanen ƙauye su aika gidan rediyo. Hausawan Legas kuma ba su rasa tsarin tara kuɗi ba. Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan tumatir da dillalan shanu suna karɓar kuɗin ƙungiya a kan kaya, suna gina masallatai, suna kai gawa gida, suna belin ɗan uwa in an kama shi. Wanda ya iya wannan ba zai gaza ɗaukar nauyin shirin sa'a guda a rana da 'yan rahoto uku ba.

Abin da ya faru a Amurka ya ƙara wa maganar nauyi. A Yulin 2025 majalisar ƙasar ta janye dala biliyan 1.1 da aka ware wa hukumar da ke tallafa wa kafafen yaɗa labarai na jama'a, hukumar ta sanar da rufewa, tashoshin da suka dogara da ita suka koma ga masu sauraronsu neman agaji. Kafin nan, a Maris na wannan shekarar, Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin Shugaba Trump, duk da shekara fiye da 40 da ya yi yana watsa shiri. Tashar da ke tsaye da ƙafar gwamnati kaɗai tana iya faɗuwa da sa hannu ɗaya.

Sai dai tallafin al'umma yana da nasa ƙaya, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan shugabannin kasuwa ne ke biyan kuɗin shiri, ranar da 'yan dako suka kawo kukan ana zaluntarsu a wannan kasuwar, wa zai buɗe musu makirfo? Idan wani basarake ne ya ɗauki nauyi, alhali zangunan Legas ba su rasa takaddamar sarauta, ɗaya ɓangaren zai ɗauki tashar a matsayin fadar abokin hamayya. Haka abin yake in ƙungiyar addini guda ta saye filin. Mata kuwa, waɗanda su ne suka fi zama da rediyo a cikin gida, ba su da kujera a yawancin waɗannan ƙungiyoyi, saboda haka ba za a ji su ba sai an ware musu wuri da gangan. Maganin shi ne kada kowa ya sayi shiri da sunansa. A yi asusu guda da kowa ke zubawa, a ƙayyade mafi yawan abin da ƙungiya ɗaya za ta iya bayarwa, a riƙa karanta sunayen masu bayarwa da adadin a iska kowane wata, zaɓen batu da baƙo kuma ya zauna a hannun editan tasha shi kaɗai.

Wasu za su ce a nema wa Agege lasisin rediyon al'umma kawai a huta. Hanyar tana nan, tun da a 2015 gwamnatin Jonathan ta amince da lasisi 17 na farko, amma sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya sa kowane lasisi sai da amincewar shugaban ƙasa, kuma jiran na iya cin shekaru. Ban da haka, tashar Hausa zalla a tsakiyar Legas za ta ƙara wa katangar zango tsawo. Amfanin Bond FM shi ne Bayaraben da ya bar rediyonsa a kunne zai ji maƙwabcinsa yana magana, kuma ana iya zaunar da Baale da Sarkin Hausawa a ɗaki ɗaya, wani ɗan Agege mai harshe biyu yana yi musu tafinta. Masu cewa zamanin rediyo ya wuce kuma su duba ƙaramar wayar da ke aljihun mai gadi: tana kama FM ba tare da sayen data ba. Guntun shirin da aka yanko aka tura WhatsApp yana ɗauke da sunan tasha da na mai gabatarwa, waɗanda za a iya tuhuma in sun yi ƙarya, saɓanin saƙon muryar da ba a san bakin da ya fito ba.

Abin da ya rage yana hannun Abuja, a Radio House da ofisoshin da ke kewaye da shi. Tun 2015 kuɗin da ya shiga hukumar tarayya asusun bai-ɗaya yake wucewa, kuma ɗan kasuwar Mile 12 ba zai ba da sisinsa ba in ya san zai narke a can. Ana buƙatar yarjejeniya rubutacciya tsakanin Rediyon Najeriya da amintattun asusun al'umma, da sahalewar ofishin Akanta Janar, wadda za ta tabbatar kuɗin ya koma kan shirin da aka tara shi dominsa. Ana buƙatar guraben aiki na dindindin ga masu gabatarwa da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, maimakon dogaro da ma'aikacin da aka turo daga arewa yana ƙirga kwanakin komawa gida. A Fabrairun 2024 Majalisar Zartarwa ta amince da haɗe Rediyon Najeriya da Muryar Najeriya bisa rahoton Oronsaye, kuma a irin wannan garambawul ƙananan sassa ne ake fara mantawa da su. Duk hadimin da ke shirya wa ɗan majalisa tambayoyi kafin zaman kare kasafin Ma'aikatar Yaɗa Labarai yana iya ƙara guda biyu a takardarsa: sa'a nawa Bond FM ke bai wa Hausa a mako, kuma nawa daga cikinsu aka naɗo a titunan Agege.